Yadda yawun Gwaggo ya kai mu Madani

A gidanmu akwai mutum ɗaya da ba a yi wa zaman makoki ba, ba a kuma taɓa raba gadonsa ba. Wan kakana ne na wajen uba. Tun muna yara, in manya suka zo lissafin dangi, sai su ce "da wanda ya yi gabas", su wuce. Abin da aka sani game da shi bai taka kara ya karya ba. Marini ne kamar ubansa a Kura, ya bar gida bayan an gama yaƙin Hitila, wajen 1946, ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa. Sau ɗaya aka ji ɗuriyarsa, ta bakin wani alhaji da ya ce ya gan shi a Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Mahaifina ya rasu yana ambatonsa. Ni kuma aiki ya kawo ni Ingila, a nan na fara jin abokan aiki suna zancen gwajin DNA da yake haɗa mutum da danginsa. Tun da labarinmu ya bazu a cikin 'yan uwa da abokan arziki ake ta kirana ana tambaya, kuma na lura ramukan da na faɗa su ne kowa yake shirin faɗawa. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda abin ya kasance daki-daki.

A ƙarshen Nuwamba 2021 na sayi kayan gwajin farko, lokacin da kamfanoni suke karya farashi. Abin da ake sayarwa fam 79 na same shi fam 59, ga kuɗin aikowa wajen fam goma. Kafin in saya na yi mako guda a ruɗe, don gwajin iri uku ne, kuma babu wanda ya warware mini su da Hausa. Akwai na Y, wanda maza kaɗai suke yi, yana bin layin uba daga uba har sama. Akwai wanda yake bin layin uwa daga uwa. Sai na ukun, wanda yake duba kuromozom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, guda 22 bibbiyu da mutum ya gada rabi daga uwa rabi daga uba, shi ne yake nuna dangi ta kowane ɓangare har kaka na huɗu ko na biyar. Mai neman 'yan uwa wannan na ukun yake bukata, shi ne kuma mafi arha. Manyan kamfanonin da suke yin sa huɗu ne, AncestryDNA da 23andMe da MyHeritage da FamilyTreeDNA. Biyun farko yawu ake tofa musu a 'yar kwalba, biyun ƙarshe wani tsinke mai auduga ake gogawa a cikin kumatu. Wannan bambancin na ɗauke shi ba komai ba, ashe nan gaba zai ci mini wata huɗu.

Ɗan akwatin ya iso bayan kwana biyar. A cikinsa akwai kwalbar, da murfi mai wani ruwa a ciki, da lambar rajista, da ƙaramin kwali da aka riga aka biya kuɗin mayarwarsa. Abu na farko shi ne a buɗe asusu a shafin kamfanin a shigar da lambar nan, don babu suna a jikin kwalbar, lambar ce kaɗai take haɗa ka da yawunka. Wanda ya manta ya jefa a gidan waya bai yi rajista ba, bai kuma adana lambar ba, ya yi wa kamfani kyautar yawu. Ƙa'idarsu kada ka ci, kada ka sha, kada ka tauna komai minti talatin kafin nan. Na yi nawa da asuba bayan salla. Cika kwalbar zuwa layin da aka zana ya ɗauke ni kusan minti goma, don kumfa ba ta shiga lissafi. Na ɗaura murfin, ruwan ya gangara ya gauraya, na girgiza, na kai gidan waya a kan hanyar aiki. Sun ce a jira mako shida zuwa takwas. Nawa ya yi bakwai, saboda cunkoson hutun ƙarshen shekara, kuma kusan kullum sai na leƙa shafin kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Ranar da ya fito, tsakiyar Janairu 2022, abin da ya fara tarar ni taswira ce mai launi-launi, wai kashi kaza na jinina Najeriya, kashi kaza Mali, ɗan kaɗan Arewacin Afirka. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ɗauki hoto su watsa, alhali wannan ɓangaren kintace ne, kuma kamfanin yakan sauya shi duk lokacin da ya sabunta lissafinsa. Nawa ya sauya sau biyu tun daga lokacin. Inda aikin yake shi ne jerin mutanen da jininku ya haɗu. Na buɗe shi gabana yana faɗuwa, na tarar da mutum ɗari uku da wani abu, babu Bahaushe ko ɗaya. Kusa da kowane suna akwai lamba da haruffa cM, wato santimogan, ma'aunin yawan DNA ɗin da kuka yi tarayya a ciki. Sai da na koyi karanta wannan lambar sannan komai ya fara ma'ana. Tsakanin ɗa da mahaifi wajen 3,500 ne. Shaƙiƙai wajen 2,600. Kaka da jika, ko baffa da ɗan wansa, ko 'yan uba, duk wajen 1,750. 'Ya'yan wa da ƙani wajen 870, jikokinsu wajen 230, tattaɓa-kunnensu ƙasa da ɗari. Waɗannan matsakaita ne, ana iya haurawa ana iya gazawa. Akwai wani shafi na kyauta, DNA Painter, da za ka rubuta lambar ya jero maka dangantakar da za ta iya zama. Mafi girma a jerina 21 ne. Mafi yawansu tsakanin 8 da 12, kuma a wannan matakin wani haɗuwar ma dace ce kawai, ba jini ba.

Kusan dukkansu baƙaƙen fatar Amurka ne, da 'yan tsiraru daga Jamaika da Barazil. Kafin mako ya zagayo saƙonni suka fara shigowa. Wata dattijuwa daga jihar Jojiya ta rubuto cewa ni ne ɗan Afirka na farko da ta taɓa gani a jerinta, tana roƙon in gaya mata sunan ƙabilata da garinmu. Na daɗe ina kallon saƙon nan. Cinikin bayi ya kwashi Hausawa zuwa bakin teku, har a Bahia ta Barazil an rubuta tarihin boren da bayi Hausawa suka shirya a 1807, da na Musulmi a 1835. To amma ni 14 cM ba za ta gaya mini wane kaka muka haɗa da ita ba, ko kuwa ɗan'uwan kakan kakana ne aka kama a hanyar fatauci, ko wata aka sace a bakin rafi. Abin da ban faɗa mata ba, amma ya tsaya mini a rai, shi ne ban san ko namu ne aka sayar ko namu ne suka sayar ba. Na ba ta amsa da gaskiya, na ce ni Bahaushe ne daga ƙasar Kano, na tura mata hoton marina. Har yau muna gaisawa da salla da kirsimeti. Duk wanda zai yi gwajin nan ya shirya wa irin wannan saƙon, kada ya yi wa mutane ƙaryar asalin sarauta don ya faranta musu.

Na kusa haƙura, sai wani abokin aiki ya ce ai ban yi komai ba tukuna, kogi ɗaya na jefa ƙugiya. Kowane kamfani da rumbunsa, ba sa leƙa na juna. Wanda ya yi gwaji a can ba zai taɓa fito maka a nan ba. Dabarar ita ce ka shiga saitin asusunka ka sauke ɗanyen fayil ɗin sakamakonka, ka ɗora shi a wuraren da suke karɓa. AncestryDNA, wanda rumbunsa ya fi na kowa girma, a lokacin ya haura mutum miliyan 20, ba ya karɓar fayil daga waje, haka ma 23andMe. Amma a lokacin FamilyTreeDNA da MyHeritage da GEDmatch suna karɓa, kuma ganin jerin dangi kyauta ne, sai in kana son ƙarin kayan aiki ka biya dala 19 a na farko ko dala 29 a na biyu. Ƙa'idojin nan suna sauyawa, a duba kafin a dogara da su. Sauke fayil ɗin ya bukaci in tabbatar ta imel, ɗorawa minti biyar, jiran sakamako kwana biyu zuwa mako guda. A GEDmatch an tambaye ni ko na yarda 'yan sanda su yi amfani da bayanaina wajen bincike, don ta wannan shafin aka gano wani makashi da ya addabi Kalifoniya aka kama shi a 2018. Na ce a'a. Kowa da ra'ayinsa, amma a karanta kafin a danna.

Wani dare a Fabrairu na buɗe ɗaya daga cikin sababbin wuraren, sai ga mutum a saman jeri da 118 cM. Daga 21 zuwa 118. Na tashi zaune. Sunansa uku ne jere irin na Larabawa, nasa da na ubansa da na kakansa, babu wanda ya yi kama da namu. Ba hoto, ba bishiyar zuriya, ƙasar da ya rubuta kuma Ailan. Na duba guntayen DNA ɗin da muka haɗa, guda shida ne, mafi tsawo 38. Wannan ya kwantar mini da hankali, domin a al'umma irin tamu mai auren zumunci lambar takan kumbura da tarin ƙananan guntaye daga kakanni masu nisa, har a nuna maka bare a matsayin makusanci. Dogon guntu shi ne alamar kaka na kusa. Nan take na rubuta masa saƙo, kuma a nan na yi wauta. Na zuba masa shafi guda cur da Turanci, tarihin gidanmu tun daga karofi, na tambayi sunan uwarsa da ubansa da garinsu, har da lambar waya. Yanzu in na sake karantawa, ni ma da ɗan Najeriyar da ban sani ba ya turo mini irinsa, ɗan damfara zan ɗauke shi. Wata ɗaya, wata uku, wata biyar, ko gezau.

Duk inda na karanta shawara ɗaya ce, a gwada tsofaffi tun suna raye. Dalilin a fili yake. Ni rabin DNA ɗin mahaifina na gada, rabin ya tafi da shi kabari. Wanda ya girme ni da hawa ɗaya ya fi ni kusa da kakanni ninki biyu. Cikin 'ya'yan kakana Gwaggo kaɗai ta rage, tana da shekara 78 a lokacin. Da na je hutu Kano a Agusta 2022 na tafi da kwalba irin tawa. Na same ta da hantsi a tsakar gida kan tabarma, tana tsince wake a faifai, rediyo a gefe. Bayan an gaisa an ci an sha na fito da kwalbar na fara bayani. Ta saurara har na gama, ta ajiye faifan. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana. Ta ce, "Babana, yawuna za ka ɗura a kwalba ka kai wa Nasara? Ni da ko gashina na taje sai na binne?" Yaran gidan suka fashe da dariya, ita ko ko murmushi. Na ce, "Gwaggo, ba asiri ba ne, awo ne irin na asibiti." Ta ce asibiti jini suke ɗiba, kuma a gabanta suke aunawa. Kwana biyu muna wannan. Abin da ya sauko da ita ba bayanina ba ne. Na nuna mata sunan mutumin nan a waya na ce mai yiwuwa jikan wanda ya yi gabas ne. Ta yi shiru, ta ce mahaifinta har ya rasu in ya ji an ce alhazai sun sauka sai ya sa riga ya je ya tambaya. Ta miƙo hannu ta ce in kawo.

Na gaya mata sharaɗin minti talatin, ta ce ta ji. Ashe goro a wurinta ba abinci ba ne. Tsohuwa ga ƙarancin yawu, muka yi kusan awa guda tana tofawa tana hutawa, abin da ya taru kuwa ja-ja ne kamar ruwan kanwa da zoɓo. Na ga launin, zuciyata ta raya mini wani abu, amma kunya ta hana ni cewa a sake, ga shi kuma ba ni da wata kwalbar. Na dawo da ita Ingila cikin jakar hannu na aika. A Oktoba saƙo ya zo cewa ba a iya karanta samfurin ba, za su aiko da wani kyauta. Sun aiko, amma gidana na Ingila, Gwaggo kuwa tana Kano. A nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na sayi irin na goga kumatu daga kamfanin da mutumin yake, na buɗe wa Gwaggo asusu da saninta, na ba wani mai zuwa gida a Disamba ya kai wa 'yar yayana da take makarantar jinya. Ita ta kwana a ɗakin Gwaggo, ta ɓoye gwangwanin goron, da gari ya waye kafin koko ta goga mata tsinke ɗaya a kowane kumatu na minti guda, ta karya kan a 'yan kwalaben ta rufe. Mutumin ya dawo mini da su bayan sabuwar shekara. Duka-duka gwajin Gwaggo ya ci mini kusan fam 150, ban da tsarabar ɗan aike.

Sakamakon ya fito a Fabrairu 2023. Abin da na fara dubawa tsakanina da ita ne, 1,790, daidai gwaggo da ɗan ƙaninta. Ban san ina riƙe da numfashi ba sai da na ga lambar, don gwajin nan ba ya rufa wa kowa asiri. Sai na duba mutumin. Da Gwaggo 227. Wato ta wajen uba yake, ba shakka, kuma kusa. Na sake rubuta masa, wannan karon layi huɗu. Na yi sallama, na ce gwajin ya nuna yana da dangantaka ta kusa da gwaggona mai shekara 78, muna neman zuriyar wani marini daga Kura ta ƙasar Kano da ya tafi hajji a ƙasa wajen 1946, in bai son magana ba komai. A ƙasa na ƙara da Hausa, "In akwai mai jin Hausa a gidanku, a karanta masa wannan." Bayan kwana uku amsa ta zo. Likita ne ɗan Sudan, haifaffen Wad Madani. Matarsa ce ta saya masa gwajin, ya duba taswira sau ɗaya bai sake komawa ba. Ya ga saƙona na farko, ya share. Na biyun ya tura wa mahaifiyarsa hoton layin ƙarshe, ta kira shi tana kuka. Mahaifinta Bahaushe ne, kuma Kura ita ce kalmar da ya fi ambata. Shi ya sa babu sunanmu a jerin sunayensa, ta ɗiya mace dangantakar ta bi, kuma da gwajin Y na yi da ba mu taɓa haɗuwa ba.

Sai dai lissafi ya ƙi fita. In kakansa da kakana shaƙiƙai ne, ya kamata in ga wajen 230 tsakanina da shi, tsakaninsa da Gwaggo kuma sama da 400. Abin da muka samu kusan rabin haka ne, ta kowane ɓangare. Na yi mako biyu ina zane a takarda. Na ce ko dai shi tattaɓa-kunne ne ba jika ba, ya ce a'a, uban mahaifiyarsa ne, ya ma yi wayo ya gan shi. Har na fara tunanin ko wani ɗan'uwan ne daban daga Kura. Da na gaji na kira Gwaggo ina mata bayanin cewa awon ya nuna rabi. Ta katse ni. "Wa ya ce maka ɗakinsu ɗaya? 'Yan uba ne. Uwarsa ta rasu yana goye, kakarmu ce ta shayar da shi ta riƙe shi." Shekara arba'in da wani abu ina gidan nan ban taɓa jin wannan ba, don a wurinsu ba abin faɗa ba ne, nono ɗaya suka sha. Na koma shafin lissafi na zaɓi 'yan uba. Jikokin 'yan uba matsakaicinsu wajen 120, namu 118. Nata da shi wajen 225, an samu 227. Injin Bature bai san kishiya ba, bai san riƙo ba, bai san shayarwa ba. Kalma ɗaya yake yi wa ɗan baffa da ɗan gwaggo da ɗan kawu da ɗan inna. Duk Bahaushen da ya ga lamba ta zo rabin yadda ya zata, ya fara tambayar ɗakuna nawa ne a gidan kakansa kafin ya zargi kowa.

Muka sa ranar kiran bidiyo, Juma'ar da ta gabaci azumin 2023. Ni a Ingila, shi a Ailan, 'yar yayana riƙe da waya a gaban Gwaggo, ƙanwarsa riƙe da waya a Madani. Gwaggo ta ci ado kamar mai zuwa biki. Da fuskar mahaifiyarsa ta bayyana cikin lulluɓinta irin na Sudan, babu wanda ya yi magana. Goshin mahaifina ne sak, har da yadda take ɗaga gira ɗaya. Hausarta tsohuwa ce, gauraye da Larabci, tana jan kalmomi. Gwaggo ba ta yarda da lambobina ba, nata gwajin ta yi. Ta tambayi sunan uban mahaifinta, matar ta faɗa har da laƙabinsa na karofi. Ta tambayi me ke ƙofar gidan. Matar ta ce babanta yana cewa akwai tsamiya da tsawa ta tsaga biyu amma ba ta mutu ba. Tsamiyar nan sai wajen 1980 aka sare ta da za a faɗaɗa hanya, kututturenta ni ma na hau. Gwaggo ta rufe fuska da gefen mayafi. Da ta buɗe sai ta ce, "'Yar'uwa, ina wuni," kamar jiya suka rabu. Aka sake gaisuwa daga farko, ana tambayar gida da yara ɗaya bayan ɗaya.

A kiraye-kirayen da suka biyo baya muka haɗa labarin. Daga Fort-Lamy wan kakana ya bi ta Abeshe da Adare ya shiga Sudan ta Junaina, yana tafiya yana tsayawa neman guzuri, har Ubayyid inda layin dogo yake. Kuɗi suka ƙare a Jazira, ƙasar da ke tsakanin kogunan Nilu biyu, inda tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 gonakin auduga suke haɗiye ƙwadagon mutanen yamma. Ba baƙon wuri ya faɗa ba. Hausawa da Fulani sun riga shi da daɗewa, tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kai jama'arsa bakin Nilu suka kafa garin da yake ɗauke da sunansa har yau. Ya yi tsinkar auduga, ya yi aure cikin 'yan uwansa Takari, ya sauke farali bayan shekara tara ta Sawakin, ya dawo wurin iyalinsa a Madani. Ya aiko da wasiƙa sau biyu da ajami ta hannun masu komawa, ba ko ɗaya da ta iso. Ya rasu a 1991. 'Yarsa ta ce har ya tsufa in ya ga baƙin zane a kasuwa sai ya murza shi da yatsa ya ce rinin bai kama ba.

Ba a daɗe ba wani baffanmu ya tayar da maganar gonar da ba a raba ba. Na je wurin malaminmu. Ya ce in bambance abu biyu. Neman dangi don sada zumunci abin so ne, ya kawo hadisin da Tirmizi ya ruwaito na a koyi nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunta da shi. Amma nasaba a shari'a tana tabbata ne da shimfiɗar aure da iƙirari da shaidu, kuma ba a ɗaukar takardar awo a kore ɗa daga ubansa. Maganar gado ta alƙali ce da shaidu, ba ta waya ba. Su mutanen Madani ma da suka ji sai suka ce ba gona suke nema ba. Na kawo wannan ne don na san gida biyu da gwajin nan ya tono abin da aka binne shekara hamsin, kuma wanda ya tono bai yi shawara da kowa ba kafin ya watsa a zauren WhatsApp na dangi. In ka ga abin da ba ka zata ba, rufe wayar ka nemi babba ɗaya mai riƙe sirri.

Da zan sake daga farko, da Gwaggo zan fara ba da kaina ba, kuma da na goga kumatu, da sassafe, goro a ɓoye. Da kafin in kashe ko sisi na zauna da ita da littafi na rubuta kowace mata ta mahaifin kakana da 'ya'yan ɗakinta, da wanda aka riƙa da wanda aka shayar, da laƙabi da sana'a da unguwa, don waɗannan ne suka tabbatar da abin da lamba ta nuna kawai. Da ban ɓata dare a kan masu 8 da 10 ba. Da saƙona na farko bai wuce layi huɗu ba, ba tambayar lambar waya. Wanda yake gida Najeriya ko Nijar ya tabbatar da yadda samfurin zai koma kafin ya saya, hanya mafi sauƙi ita ce ta hannun matafiyi amintacce. A sa kalmar sirri mai ƙarfi, don a 2023 an kutsa bayanan mutum kusan miliyan 7 a 23andMe, kuma abin da ka ɗora ba naka kaɗai ba ne, na duk mai jininka ne. A kuma sani cewa rashin ganin mutum a jeri ba ya kore zumunci. Daga tattaɓa-kunnen wa da ƙani zuwa ƙasa, akwai waɗanda 'yan uwa ne na gaskiya amma awo ba zai nuna komai tsakaninsu ba. Mu kanmu sa'a muka taka, don Hausawan da suka yi gwajin nan ƙalilan ne. Da matar wani likita ba ta rasa abin da za ta saya wa mijinta ba, da har yau muna cewa wanda ya yi gabas.

Mun shirya Gwaggon Madani, wato mahaifiyar likitan, za ta zo Kano bayan babbar salla, har an fara maganar biza. Ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Madani ta cika da masu gudu, gidanta ya ɗauki iyali uku. A Disamba yaƙin ya iso Madani ɗin kanta. Kwana goma sha ɗaya ba mu ji daga gare su ba, Gwaggo ta daina kunna rediyo. Sai ga saƙon murya daga Gadarif, suna raye, sun fito da kayan jikinsu da wata 'yar jakar fata da allon mahaifinta yake ciki. Yanzu tana Masar wurin ɗaya ɗanta. Likitan ya zo wurina sau biyu, na koya masa cewa shi ɗan mace ne ni ɗan namiji, saboda haka taubasai muke, ya kuma kama wasan fiye da yadda na so. A zuwansa na ƙarshe na ba shi ƙullin da Gwaggo ta aiko a kai wa 'yar'uwarta, kuka da daddawa da turmi ɗaya na baƙin zane ɗan Kura, wanda ta sa aka je har karofi aka zaɓo, ta ce a gaya mata ta murza da yatsa ta gani.